Kafin ka ce a yi wa laftof ɗinka fomat

Wannan rubutu na ɗalibanmu ne, da masu ɗaukar hoto, da ƙannena masu shagunan gyaran kwamfuta a Azare. Ku yi haƙuri da tsawonsa, maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kowa ya tashi haiƙan sai ya ɗora Windows 11. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu kuwa na gwanjo ne, da yawa faifansu na ajiya yana kan tsohon tsarin MBR, shi kuma sabon Windows tsarin GPT yake so. Mutum yana tsakiyar aiki kwamfuta ta ƙi, sai ya leƙa YouTube, a ce masa ya buɗe diskpart ya rubuta "clean". Yana rubutawa, C ta ɓace, D ta bi ta, har da babi biyar na firojet da hotunan bikin gidansu. Wani kuma raba faifan yake yi don ya ɗora Linux, aka ɗauke wuta, batirin dama ya daɗe da mutuwa.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar kowa shi ne, a wannan lokacin fayilolinka suna nan. A tsarin MBR, bayanin da ke nuna inda C ta fara da inda D ta ƙare, wato teburin fatishan, bayit 64 ne kacal, cikin sashen farko na faifan mai bayit 512. Irin wannan ɗan bayani ne umarnin "clean" ya share. Kamar a ce wani ya bi dare ya tuge gambar da aka dasa a iyakar gonaki ne: ba a san inda gonar wane ta tsaya ba, amma gero yana tsaye inda aka shuka shi. Ɗora sabon Windows a kai shi ne shigo da tarakta a kafce gonar. Galibin asarar da nake gani ba kuskuren farko ne ke jawo ta ba, gaggawar da ke biyo bayansa ce.

Kwanakin baya wata 'yar maƙwabtanmu da ke shekarar ƙarshe ta shigo gida idonta jawur. "Yaya, firojet ɗina ya tafi." Ƙaninta ne ya so taimaka mata, ya tafka irin wannan kuskuren. Ta riga ta kai laftof ɗin wani shago, yaron shagon ya ce, "Anti, wannan sai dai a yi fomat a sa sabo." Allah ya sa ba ta riƙe da kuɗin aikin, ta dawo da ita yadda take. Muka tayar da kwamfutar daga filash, ba mu bari an rubuta komai a kan faifan ba, muka buɗe TestDisk. Kafin a kira la'asar ga fatishan ɗinta, ga fayilolinta da sunayensu, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

TestDisk kyauta ce. Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta ta, kuma har yau kowa yana iya sauke ta ba tare da biyan ko kwabo ba. Aikinta ta bi faifan daki-daki tana neman alamar inda tsohon fatishan ya fara. Abin da ke taimakonta shi ne, tsarin NTFS na Windows yana ajiye kwafin bayanin farkonsa a ƙarshen fatishan, shi ma GPT yana da kwafin teburinsa a ƙarshen faifai. Idan ta gano, tana nuna maka fayilolin tun kafin ka gyara komai. A nan hankali yake: ka fara kwashe su zuwa wani faifan daban, sannan ka bar ta ta maido da teburin. Wanda yake da babban faifai a ajiye, mafi aminci ya kwafe faifan gaba ɗaya da ddrescue, ya yi gwaje-gwajensa a kan kwafin.

Idan tsarin ya lalace sosai, akwai 'yar uwarta PhotoRec. Ita ba ruwanta da tebur, kan kowane fayil take dubawa ta gane hoto ne ko takarda. Za ta tsamo abubuwa da yawa, amma babu sunayensu, babu jerin da ka yi musu, sai lambobi dubbai da za ka zauna kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka kuskura ka zuba abin da ta tsamo a kan faifan da kake ceto.

Ba kullum ake dacewa ba, gara in faɗa. Faifan SSD yana da tsarin TRIM da ke wanke gurbin da aka ce masa ba a buƙata, don haka fomat a kansa sau da yawa tafiya ce babu dawowa. "Clean all" da cikakken fomat suna rubuta sifili a ko'ina. Idan an kulle faifan da BitLocker, sai da mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yake cikin asusunka na Microsoft. Ka je ka kwafe shi a takarda tun yau. Faifan da ke ƙas-ƙas idan an kunna shi kuwa ciwonsa a jiki yake, kowace kunnawa ƙara masa rauni take, kuma sa shi a firiji ba magani ba ne.

Ƙannena masu gyara, na san halin da kuke ciki. Kuɗin ɗora Windows a hannu yake, aikin ceto kuwa yana cin wuni da man janareto, mai kaya kuma yana tsaye a kanka yana cewa gobe zai kai wa malaminsa. Duk da haka tambaya ɗaya ba ta cin komai: "Akwai abin da ba ka da kwafinsa a ciki?" Kuma tun 2017 Windows yake zuwa da mbr2gpt, wanda ke mayar da faifai GPT ba tare da share komai ba. Ku koye shi, ku koya wa yaranku. Sannan akwai amana. PhotoRec ba ta san abin da mai shi ya goge da gangan ba, har hotunan iyalinsa za ta fito da su. Abin da idonka ya gani a faifan mutum sirrinsa ne, kuma Allah zai tambaye ka. Mai sayar da tsohuwar laftof shi ma ya sani, ba lallai fomat na gaggawa ya goge sirrinsa ba.

Abin da ya fi damuna ya wuce firojet. Tarihin ƙasar Katagum na wannan zamani ba a kundi yake ba. Hawan sallah na zamanin marigayi Sarki Muhammadu Kabir Umar, wanda ya rasu a Disamba 2017, da karatun tafsirin malamanmu, da muryoyin dattawan da suka ji labarin dawo da fadar daga garin Katagum zuwa Azare a bakin iyayensu, da yawansu suna kwance a tsofaffin faifan masu hoto da masu bidiyo, kwafi ɗaya tak, cikin zafin bazara da ƙurar hunturu. Littattafan malamanmu na dā sun iso gare mu ne domin almajirai sun yi ta kwafarsu da hannu, gari ya samu, gari ya samu. Mu da kwafi bai fi mana danna maɓalli ba, mu ne muke barin abu a wuri guda.

Google Drive yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, ya ishi firojet ɗari. Ɗalibi ya riƙa tura wa kansa kowane babi ta imel ranar da ya gama shi. Mai hoto ya sayi faifai na biyu ya ajiye a gida, ba a shago ɗaya da na farko ba, ya kuma riƙa jona shi lokaci-lokaci yana buɗe fayilolin don ya tabbatar suna buɗuwa. Wanda kuma abin ya riga ya same shi yau, ya kashe laftof ɗin, ya cire caja, kada ya yarda a ɗora komai sai an fara dubawa da TestDisk.