Rabin Fadamar Baba

A shekarar 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya shiga wata na biyar, muka zauna a zauren gidanmu da ke Gashuwa, mu 'ya'yan gida huɗu, domin yanke shawara a kan karatun autanmu. Yaron nan tun yana ƙarami ba shi da zance sai na ruwa. Shi ne mai tambayar dalilin da ya sa kogin garinmu yake cika ya ci gidaje da damina, da rani kuma fadama ta bushe, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa tun daga Nguru. Ranar da aka gaya masa cewa wani ɓangare na amsar yana can ƙasar Kano, a madatsun Tiga da Challawa, ranar ya ce shi injiniyan ruwa zai zama.

To, tun da ƙofofin gida suna garƙame, sai muka ɗaga ido waje. Ingila da Amurka ko kallonsu ba mu yi ba, domin kowa ya san iyakar tsawon bargonsa. Yukuren, wadda a da ake yabon sauƙinta, yaƙi ya rufe ta tun watan Fabrairu. Babban Yaya ya ɗauko takarda ya jera Indiya da Malesiya da Sudan, gaban kowace ya rubuta kuɗin makaranta da dala. Sudan ce ta zo ƙasa. Ga shi kuma ba baƙon wuri ba ce, domin Hausawa suna zaune can tun zamanin zuwa hajji a ƙasa, har da garinsu Mai Wurno. Inna ta tambayi abu biyu kawai, salla da abinci, da ta ji amsa hankalinta ya kwanta.

Aka sayar da rabin fadamar Baba. Da muka kai masa takardar ciniki, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Ku dai ku tabbata abin da zai koyo ya kai darajar ƙasar nan."

Mu kuwa da iliminmu na boko, layi ɗaya kawai muka ja a takardar lissafin nan. Ba mu ja layin zaman lafiya ba, ba mu ja na naira ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, bindiga ta fara tashi a Khartum. Kwana da kwanaki Inna ba ta rabu da waya ba, har Allah ya sa aka kwaso su a mota zuwa iyakar Masar, daga can jirgi ya sauke su Abuja. Ya dawo mana da jaka ɗaya, babu ko takardar sakamakon zangon da ya yi. Ba a jima ba aka saki naira. Dalar da gwamnati take bayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ashe ko da yaƙi bai koro shi ba, da canji ya koro shi.

Ana cikin haka wani dillali ya zo mana da daɗin baki, wai akwai makaranta a Kwatano, kuɗi kaɗan, shekaru kaɗan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Muka tambaye shi ɗakin gwaji nawa suke da shi, kuma ko COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, za ta karɓi takardar. Ya ce zai bincika, har yau bai dawo ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo.

Auta ya sake jarrabawa, ya faro daga aji ɗaya a Jami'ar Maiduguri, shekara biyar cif a gabansa. Idan ya zo hutu, yakan sauka bakin kogi da littafinsa yana rubuta inda ruwa ya tsaya. Hanyar tana bi ta gefen rabin da aka sayar, wanda mai shi ya shuka shinkafa bana. Baba ya daina bin ta nan.