Idan Jirgin Alhaji Ya Nutse

Jama'a, a littattafanmu na hikaya, in ana son talauta Alhaji a babi guda, sai a nutsar da jirgin da ya ɗauko masa kaya. Mu kuwa da muka tashi cikin 'yan riɗi, zoɓo da fata a Kano, mun san maganar ta fi haka tsawo, domin akwai inshora, kuma rigimar tana cikin takarda.

Farko dai, a wuyan wa asara take? In an yi ciniki bisa sharaɗin FOB, kaya na wuyan Alhaji tun daga Dawanau har a loda su cikin jirgi a Apapa. Motar da ta kife a hanyar Legas tasa ce. In kuwa CIF ne, shi zai biya kuɗin jirgi da inshora, a kan kashi 110 cikin ɗari na darajar kayan.

Inshorar ma hawa uku ce: A, B da C, bisa ƙa'idojin Landan na 1982 da aka sabunta a 2009. Ta C ta fi arha: tana biyan gobara, nutsewa da karo, amma ba ruwanta da sata. Ta A ta fi faɗi, sai dai ko ita ba ta biyan jinkiri, ko riɗin da aka ɗure da danshi ya yi fumfuna. Arha dai ba ta ado.

Ga kuma wata tsohuwar doka ta teku: in an yi hasara don ceton jirgi, duk mai kaya a ciki sai ya yi karo-karo, ko da buhunsa bai jiƙe ba. Haka aka yi a 2021, da jirgin Ever Given ya maƙale kwana shida a mashigin Suwez. Mai inshora kamfaninsa ya tsaya masa. Marar ita sai ya ajiye tsabar kuɗi kafin a sakar masa kaya.

To, 'yan'uwa marubuta, ga labari a nan. Mutum ne kayansa suka isa lafiya, bashin banki na binsa, manoman da suka ba shi amana na zaune a zaurensa, ga takarda ta hana shi taɓa dukiyarsa. Wanda zai rubuta wannan, ya fara zama da masu sana'ar tukuna, domin na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.