Kowace Sana'a da Hanyar da Ake Nemo Ta: Waiwaye daga Gwandu da Kalgo

Kafin wayar hannu ta shigo Najeriya a 2001, mutumin Gwandu ko na Kalgo da ke neman wani abu ba ya rasa inda zai dosa. Ba kowa ke da allon talla ko lambar da za a kira ba, amma kowane mai sana'a ya san yadda zai sa mai buƙatarsa ya iske shi. Abin lura shi ne hanyoyin ba iri ɗaya ba ne. Yadda mahauci ke kiran masu saye daban, yadda maɗori ke samun majinyata daban, haka na falke da na malami.

Mahauta da kalangu suke magana. Da an ji makaɗi ya saki kiɗa daga wajen rumfar fawa, gari ya san an yi yanka, mai son tsoka ko kayan ciki sai ya yi sauri tun ba a zaɓe mai kyau ba. Nama ba ya jiran gobe, shi ya sa tallarsa take da ƙara, take kuma da gaggawa. Haka mai fura da mai ƙosai. Yarinya ta ɗauko ƙwarya an rufe da faifai, tana bin lungu-lungu tana kira, kuma ta san lokacin da magidanta ke dawowa daga gona da ƙofar da ake zaman hira bayan la'asar. Jarin waɗannan sana'o'i kusanci ne da sanin lokaci. Wanda ke Kambaza ba zai aika Dalijan sayen fura ba, komai daɗinta.

Maɗori kuwa ba a taɓa jin ya yi shela ba, kuma da zai yi, da mutane sun guje shi. Aliero ta yi suna da ɗori har ana ɗauko masu karaya daga garuruwa masu nisa, alhali ba kalangu, ba maroƙi. Wanda aka kawo kwance a amalanke, aka ja ƙafar, aka jera karare aka ɗaure, bayan 'yan makonni ya koma gida da sandarsa, shi ne tallar. Kafin a kai ɗan'uwa sai an tambaya: gidan wa? Ya gada ne ko haye ya yi? Wa ya taɓa warkewa a hannunsa? Inda rai da lafiya suke, shaida ake bi, nisa ba ya hana zuwa.

Falke yana da tasa hanyar. Ayarin da ke bi ta ƙasar Gwandu zuwa Gwanja sayen goro, ko masu kawo kaya babbar kasuwar Jega, ba su san mutanen gari ba, mutanen gari ma ba su san su ba. Mai masauki da dillali ne ke tsakani. Baƙo ya sauka a zango, mai gida ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya a kan bashi, ya karɓi la'adarsa. Abin da baƙon ke son ji kaɗan ne: akwai kayan? Nawa ne? Yaushe za a samu? Wa zai tsaya mini? Albasar Gwandu ma ta wannan hanya sunanta ya yi nisa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, ya kuma rubuta yabon girman albasar garin da kyawunta.

Shi kuma malami, silsilar karatunsa ce ke jawo ɗalibai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu. Wannan ita ce al'adar: a san daga wa ka ɗauka kafin a ɗauka daga gare ka. Littattafai ma ta bakin malamai ake gano inda suke. A Gwandu ne Barth ya samu kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tumbutu, kuma wani malamin garin ne ya ba shi aro.

Yau mai nema yana ciro waya ya rubuta abin da yake so a Google, ko ya duba Facebook da TikTok. Daga nan aka samu sabuwar sana'a, ta gyara bayanin ɗan kasuwa a intanet domin ya fito a sahun farko idan an yi bincike. Sana'a ce mai amfani, ina kuma murna da ganin matasanmu sun shige ta. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke ba kowa magani ɗaya: buɗe shafi, zuba hotuna, tara mabiya. Kakanninmu ba su yi haka ba, kuma injin binciken kansa ba haka yake aiki ba.

Dubi Kalgo. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha da ke garin, baƙi sun yawaita. Ɗalibin da ya zo daga wata jiha yana neman ɗakin haya, da wurin cin abinci, da mai gyaran waya. Ga irin wannan bincike, Google yana duba abu uku: dacewar sana'ar da abin da aka tambaya, da kusancinta da mai tambaya, da yadda aka san ta. Saboda haka mai gidan abinci a Kalgo ba ya buƙatar dogon rubutu. Ya sa shagonsa daidai a taswira, da lambar da ake ɗauka, da lokacin buɗewa da rufewa, ya kuma roƙi waɗanda suka ci su faɗi yadda suka ji. Shi ne magajin mai kalangu da mai tallar fura.

Mai kemis ko mai asibiti kuwa magajin maɗori ne. Kamfanin Google ya bayyana cewa yana tsananta awo a kan bayanan da suka shafi lafiya da kuɗin mutane, yana duba ƙwarewar marubucin da amincinsa. A nan yawan hoto ba ya ƙara komai. Sunan likita, da rajistarsa, da bayani na gaskiya ba tare da alkawarin warkar da kowace cuta ba, su ne abin da za a sa gaba.

Manomin albasa da ya cika rudu yana jiran farashi ya tashi, da mai shinkafar da harkarsa ta bunƙasa bayan shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, mai sayensu yana Legas ko Anacha. Ba kusanci yake nema ba, kuma galibi da Turanci zai yi bincike. Tambayoyinsa su ne na falken da: yawan buhu, farashin yau, lokacin kaka, motar ɗauka, da wanda zai tsaya masa. Har gobe yawancin wannan ciniki ta hannun dillali da kiran waya da WhatsApp yake ƙarewa, don haka aikin intanet a nan shi ne ta kai baƙo ga amintaccen mutum.

Ɓangaren da aka bari a baya shi ne na ilimi. Gwandu ce ta riƙe yammacin daular Usmaniyya bayan rabon 1812, amma abin da mai bincike da Hausa zai samu game da malamanta da rubuce-rubucensu bai kai darajar garin ba. Injin bincike ba ya fito da abin da ba a rubuta ba. Wannan aiki ne na malamanmu da ɗaliban jami'o'in Kalgo da Aliero: su rubuta, su faɗi daga inda suka ɗauko, kamar yadda Malam Abdullahi ya yi.

Kirana ga matashin da ya ɗauki wannan sana'a shi ne, kafin ka taɓa kwamfuta, zauna da mai sana'ar ka tambaye shi wa ke nemansa, daga ina, da wane harshe, kuma me yake son ya tabbatar kafin ya ciro kuɗi. Kai kuma ɗan kasuwa, kada ka biya kowa sisi sai ya yi maka waɗannan tambayoyi.