Gaya: inda lemu ke maƙwabtaka da gishiri

Wanda ya taso daga Yamai ya bi ta Doso, ya shafe kusan kilomita 300 a mota, idonsa ba ya hutawa da jar ƙasa sai ya doshi Gaya. A nan, bakin iyakarmu da Benin, damina ta fi ko'ina albarka a Nijar, garake kuwa cike suke da mangwaro da lemu. Amma arewa da garin akwai kwarin Fogha, inda tun kaka da kakanni mata ke tace ƙasa suna dafa gishiri. Abin da ke ciyar da su, shi ne abin tsoron mai garka.

Wani dattijo ya ja ni gindin itacen lemu, ya nuna mini ganyen da bakinsa ya ƙone. "Ɗana, ba ƙishirwa ba ce, kullum ina ban ruwa." Na ce: "Baba, watakila ruwan ne."

Ga yadda abin yake. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri in ya sha rana ya ƙafe, gishirin na zaune a ƙasa. Saiwa ta zuƙe shi, ya taru a ganye har ya zube. Yana kuma tare wa itace hanyar samun potas da kalsiyom. Inda kanwa ta yi yawa, sinadarin ƙarfe ba ya shiga saiwa: ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai suna kore.

Mai saye a kasuwa zaƙi kawai yake tambaya, alhali lemu mai aure itace biyu ne, kuma na ƙasa ne mai gadin ƙofa. Irin da ake kira Rangpur, da mandarin Cléopâtre, suna hana gishiri da yawa hawa sama. Citrange Carrizo ba shi da wannan haƙuri. Bigaradier, lemun nan mai ɗaci, yana jurewa daidai gwargwado, amma cutar tristeza ta kashe miliyoyin itatuwan da aka aura a kansa a Brazil da Ajantina cikin shekarun 1930 da 1940.

Dattijon bai san sunan gindin nasa ba. A bakin hanya ya sayi dashen, a cikin leda, ya yi shekaru yana jiran ƴaƴa. Wannan, a ganina, ya fi gishirin ciwo. Da zan tafi ya cika mini jaka da lemu, ya ce in na dawo in rubuto masa sunayen nan a takarda.