Hanyar Ruwan Buta

Tun da gwiwar Baba ta fara ƙin matakalar bene, muka shirya fitar masa da banɗaki a ƙasa, kusa da zaure. Mai aikin famfo bai ko kalli inda muka nuna ba. Tsugunawa ya yi a tsakar gida, ya tsiyaya ruwan buta, ya zuba masa ido. Ya ce bututu mai inci 4 gangara yake so, amma kaɗan, kada ruwa ya ruga ya bar ƙazanta a baya. Ko a fasa daɓe a haɗa da tsohuwar sokawe, ko a haƙa sabon rami nesa da rijiya. Ni dai ruwan nake kallo. A hankali ya lallaɓa ya nufi wuriya, yana bin gangaren da magina suka bari tun kafin a haife ni, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Lokacin da Baba ya ɗora benen nan, anya ya taɓa kawowa a ransa wata rana zai riƙa ƙirga matakala? Yana kan tabarma da carbinsa, shi ma ruwan yake kallo.