Kasuwar kwana huɗu

Da aka sanar za a dawo da bikin kamun kifi na Argungu a watan Maris na 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi shi ba, ni ne na tara manoman rani na ƙungiyarmu a Dalijan na ce musu kasuwa ta buɗe. Biki ne da aka faro tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma da yawa daga baƙinsa a Birnin Kebbi suke kwana. Baƙo kuwa dole ya ci miya. Ga tumatir, ga tattasai, ga attarugu da albasa a fadama. Me zai sa sai sun bi ta hannun dillali kafin su shiga tukunyar otal?

Na sami mai kula da girkin wani otal a Birnin Kebbi, muka ƙulla magana ta fatar baki. Ban nemi a rubuta ba, ban karɓi kafin alƙalami ba. Babban laifin shi ne da na dawo na ce wa mutane su sallami dillalan da suka saba ɗaukar kayansu.

A makon biki an karɓi kaya sosai. Ana gama auna kifi a kogin Matan Fada, baƙi suka watse, ba a jima ba kullen korona ya biyo baya. Na daɗe ina fakewa da korona, amma ko babu ita lissafina a karkace yake. Taron biki na ƙirga, ban taɓa tambayar kwando nawa otal ɗin ke ci a mako idan babu biki ba. Ashe kaɗan-kaɗan yake so, zaɓaɓɓe, ba ruɓaɓɓe ba ɗanye, kuma sai ƙarshen wata yake biya. Tumatir kuwa tare yake nuna, kuma manomi yau yake son kuɗinsa, don gobe zai sayi fetur ɗin injin ban ruwa. Albasa ta yi mana haƙuri tunda tana ajiyuwa. Tumatir sai yankawa aka yi aka shanya, aka sayar da kauɗa a arha.

Wani dattijo, ƙanen mahaifina, bai yi mini faɗa ba. Tambayata ya yi, wa zai ba manoma bashin iri da taki baɗi. Nan jikina ya yi sanyi. Dillalin da na ɗauka mai cin gumin manomi ne kawai, shi ne ke ranta musu kuɗi tun ana yafa iri, shi ne kuma ke kwashe mai kyau da marar kyau rana ɗaya. Na ce, "Baba, ni na jawo," na bi gida-gida na ba da haƙuri, na je wurin dillalan ma.

Har yanzu ina ganin manomin Dalijan ya cancanci cinikin otal. Sai dai yanzu kaso kaɗan muke ware wa otal, a rubuta yawan kaya da ranar biya, a ba da wani abu a hannu. Manoma suna rarraba lokacin dashe don kada tumatir ya nuna musu tare, saura kuma dillali ya ɗauka kamar da.