Ido Ba Mudu Ba Ne

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani kuskure ne da na tafka da hannuna, wanda har gobe in na tuna sai in ji gabana ya faɗi. Na daɗe ina jin nauyin faɗa, to amma idan wata za ta ƙaru da shi, gara in ajiye kunyar a gefe.

A shekarar 2016 na bi maigidana ƙasar Amurka, jihar Ohayo, inda yake aiki. Da zaman gida ya ishe ni sai na yi ɗan kwas na taimaka wa nas, na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Na san wata za ta ce, "Gidan tsofaffi kuma? Ina 'ya'yansu?" Ni ma haka na ce da farko. Amma da na shiga sai na tarar yawancinsu masu larura ne da jinyarsu ta fi ƙarfin gida, wani shanyewar ɓarin jiki, wata ciwon mantuwa. Aikina shi ne wanka, shiryawa, ba da abinci, sai kuma awon nauyi sau ɗaya a wata.

Wannan awon ba don kwalliya ake yin sa ba. Tun 1987 majalisar Amurka ta yi dokar gyaran gidajen tsofaffi, daga nan aka fito da wata doguwar takardar tantancewa da ake kira MDS. Duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid dole ya cike ta a kan kowane tsoho, lokacin da aka kawo shi, da duk bayan wata 3, da kuma duk sanda jikinsa ya yi babban canji. A sashen K na takardar akwai tambaya ɗaya: shin nauyinsa ya ragu da kashi 5 cikin 100 a kwana 30, ko kashi 10 cikin 100 a kwana 180? Amsa uku ce. Ko a'a, ko e amma likita ne ya tsara a rage ƙiba, ko kuma e ba tare da kowa ya tsara ba. Wannan ta ukun ita ce mai tada hankali, domin tsohon da ke ramewa haka kawai yana dab da gyambon kwanciya, da faɗuwa, da cutar da in ta kama shi ba ya da ƙarfin tashi. Babbar nas ce ke cike takardar, amma lambar da take dogara da ita daga hannun irinmu take fitowa.

Akwai wata tsohuwa Baturiya a ɗaki na ƙarshe, ta haura tamanin, mai son kwalliya da tsafta, kullum da jan baki da 'yar sarƙa. Kaka nake ce mata, har ta iya amsawa. A watan Fabrairu na 2018 na auna ta, laba 130, wato kilo 59 ke nan. Yadda aka koya mana shi ne sikeli ɗaya, da safe, da tufafi iri ɗaya, in kuma a keken guragu mutum yake a auna keken daban a cire nauyinsa.

Ranar awon watan Maris, ke dai bari. Abokiyar aikina ba ta zo ba, ga ƙararrawa tana ta ƙara daga ɗaki zuwa ɗaki, ga sikelin yana can wani ɓangaren, ga yarona zan ɗauko a makaranta. Na leƙa Kaka na gan ta zaune fes cikin rigar sanyinta tana murmushi. Na ce a raina, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, matar nan tana nan yadda take. Na buɗe kwamfuta na rubuta 130. Minti ɗaya bai cika ba na gama, na ɗau jakata na fita.

Da Afrilu ya zo na ɗora ta a sikeli, sai na ga 118. Na ce sikelin ne ya lalace. Na sauke ta na sake, 118 dai. Nan take jikina ya yi sanyi. Laba 12 sun tafi, in kin raba 12 da 130 kin ninka da 100, kashi 9 ne da ɗoriya. Masaniyar abinci ta gidan ta zo da kanta ta sake awon, sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Laba 12 a wata guda? Ke kika auna ta watan jiya?"

Na yi tsuru-tsuru. Wata zuciyar ta ce ki ce e, wa ya gan ki? Amma na san in na dage, likita zai ɗauka ramar ta wata ɗaya ce, a bi wata hanyar daban ana neman abin da ba shi ne ba, ga shi ramin ƙarya ƙurarre ne. Murya na rawa na ce, "Ban auna ba, na watan Fabrairu na kwafa."

Ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Da kin auna, da wataƙila tun wata guda da ya wuce muka kama abin." Ba a goge lambar ƙaryar ba, don ba a goge rubutun jinya. An ƙara bayani a ƙasa cewa ba awo ba ne, da kwanan wata da sa hannuna. An ba ni takardar gargaɗi. Babbar nas ta zaɓi amsa ta uku a takardar, aka sanar da likita da 'yar Kaka kamar yadda doka ta ce.

Kun san mene ne dalilin ramar? Haƙoran roba ne. Sun yi mata yawa, suna gogar dasashi har ya yi ciwo, tauna ta zama azaba, kuma duk ramar da ta ƙara sai su ƙara sakwarkwacewa. Ita kuwa mace mai aji, ba za ta ce bakinta na ciwo ba. Sai ta riƙa naɗe nama da burodi a takardar goge baki tana jefawa a kwandon shara. Mu kuma mu ɗauke faranti wayam mu rubuta ta cinye duka. Ashe har wannan lissafin ma ba daidai yake ba. Da aka duba jikinta aka ga fatar ƙugunta ta fara ja, gyambo na shirin ɓullowa.

Aka gyara haƙoran, aka koma ba ta abinci mai laushi da madarar ƙarin ƙarfi tsakanin cin abinci, awo kuma ya koma mako-mako. Ni na roƙa a bar min ciyar da ita. Ranar da 'yarta ta zo na tsaya a gabanta na faɗa mata abin da na yi, hawaye na zuba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce ita ma duk Lahadi tana zuwa, ba ta lura ba. Idon da ke ganin mutum kullum shi ne na ƙarshen ganin ramarsa. Bayan wata 4 Kaka ta kai laba 125. Ba ta taɓa komawa 130 ɗin ba, kuma tafiyar da take ɗan yi da sanda zuwa taga ba ta dawo ba. Wannan shi ne abin da ke ci na har yau.

To ƙannena, a gidajenmu babu MDS, wataƙila ma babu sikeli, amma akwai ku. Ke ce ake aika ki kai wa Kaka ko Inna tuwo, ke ce kike ɗauko kwano. Kar ki ajiye ki ruga. Ki zauna ki ga ita ta ci, ko jikoki ta raba wa, ko kaji ta zuba wa. Ki duba zobenta in ya fara juyawa a yatsa, awarwaro in yana zamewa har gwiwar hannu, zani in ɗaurinsa ya ƙara zagaye. In kin ga haka kar ki yarda da "ai tsufa ne". Ki tambaye ta ko haƙori ne, ko haɗiya ce ke mata wuya, ko baki ne ba daɗi, ko kaɗaici ne, sannan ki faɗa wa Mama a kai ta asibiti. In an auna ta, ki rubuta lambar da kwanan wata a bayan littafinki.

Masu burin zama nas kuma, ku riƙe wannan daga bakin wadda ta ɗanɗana: abin da hannunki bai auna ba, kar alƙalaminki ya rubuta. Gara ki bar gurbin fili ki ce ban samu yi ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.